Akori-kura a Lungu

Alhamis, 4 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Na auna. Tsakanin motar da katanga inci goma sha huɗu ne. Ta ɗaya gefen, wajen bangon ɗakina, inci ashirin da biyu in an naɗe madubi. Shekara talatin da ɗaya na yi a ofishin safiyo ina auna filayen mutane, yau ga ni ina auna hanyar da zan bi in kai ƙofar gidana.

Tana nan inda ta tsaya ran Talata, hancinta a jikin bangon kicin. Ban taɓa ta ba. Mijin Auta ya zare makullin tun a ranar, ya jefa aljihu.

Masu haƙa kwata sun iso ƙofarmu jiya. Ramin ya kai ƙugu. Sun gitta katako guda ɗaya, wai a riƙa bi ta kai. Na leƙa, na dawo.

Littafin nan cikin kayan marigayiya matata na samo shi. Shafi uku kawai ta rubuta, sunayen itatuwa ne da ranar da ta dasa kowanne. Na bar mata su, na fara daga na huɗu.

Alhamis, bayan la'asar

An ce aikin asibiti ya yi kyau. Ƙarafa biyu aka sa wa Auta a ƙafar.

Juma'a, 5 ga wata, ƙarfe goma na safe

Bari in rubuta dalilin da ya sa na saye ta, tunda ba wanda ya tambaye ni.

Marigayiya ta bar dashe goma sha ɗaya a filinmu na bayan gari: lemo shida, gwaiba uku, mangwaro biyu. Babu rijiya a can. Tun da ta tafi nake ta fama da masu motar haya, wannan ya ce jarka za ta jiƙa masa kujera, wancan ya ce hanyar ta yi yashi. Shi ne na ga ƙaramar akori-kura a filin masu sayar da tsofaffin motoci. Fara ce a da. Kujera biyu, bayanta yana cin jarka takwas har da wurin sanda.

Mijin Auta ya ce, "Baba, kada ka je kai kaɗai. Waɗannan mutanen in sun ga tsoho har godiya suke yi wa Allah. Bari Asabar ta yi in zo da makanike."

Na ce masa na riƙe sitiyari kafin a yi auren iyayensa. Ran Laraba na tafi ni kaɗai. Dillalin ya ba ni makulli ya ce in gwada. Na zaga filin sau biyu. Inji lafiya, birki lafiya, ba hayaƙi. Sau biyu na zaga, na dawo na tsaya inda na tashi.

Sati uku na yi da ita. Ban taɓa jin daɗin wani abu haka ba tun bara.

Asabar, 6 ga wata, da hantsi

Dashe kwana biyar ba ruwa.

Lahadi, 7 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Mijin Auta ya zo da abinci a kula. Shi da yake da jiki sai da ya cire agogo ya matse ciki kafin ya wuce ta gefen motar. Bai dubi bangon kicin ba. Ni ma haka.

Ya ce an sallamo ta, tana gida, tana gaishe ni. Na ce ina amsawa. Ban sani ba ko ita ta ce a gaishe ni ko shi ne ya ƙara daga aljihunsa. Mutum ne mai ladabi, yana iya ƙarawa.

Ya zauna a bakin baranda yana juya hula a hannu. Can ya ce, "Baba, mun yi magana da Yaya a waya." Babban ɗana ke nan, wanda ke can nesa, wanda muryarsa kawai na sani yanzu. "Ba wanda ke ganin laifinka. Abu ne na shekaru. Mutum yana nufin baya, hannu ya kai shi gaba. Kawuna ma haka ya fara."

Na ce, "Haka ya fara me?"

Ya ce za mu ga likita ran Laraba. Ya ce akwai ɗaki a wajensu, za a kwashe tarkacen ciki a yi fenti, zuwa ƙarshen wata in koma. Motar kuma a sayar da zarar an rufe kwata.

Na san ɗakin. Hawa na uku, taga ɗaya, tana kallon tankin ruwan maƙwabta.

Ba wanda ke ganin laifina. Haka ya ce.

Litinin, 8 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Akwai takalmi ɗaya a ƙarƙashin motar. Na gan shi da na sunkuya ɗaukar murfin buta. Shuɗi, mai igiya a baya. Ban iya kaiwa ba.

Litinin, ƙarfe biyu na rana

Na jawo shi da ƙugiyar sandata. Na goge, na ɗora a kan tebur kusa da rediyo. Na mayar da shi ƙarƙashin gado. Na sake fito da shi.

Talata, 9 ga wata, da safe

Sati guda.

Laraba, 10 ga wata, bayan azahar

Katakon nan. Na sa ƙafa ɗaya, ya lanƙwashe, gwiwata ta ce ba da ita ba. Mijin Auta bai yi wata-wata ba, ya ɗauke ni cak kamar buhun da ba a cika ba, ya haye da ni. Masu haƙa suka tsaya da aiki. Ɗaya ya ce, "Sannu Baba, yau kai ne a gidan gaba." Na yi dariya don kada su ga wani abu daban.

Likitar yarinya ce, ba ta kai Auta ba. Ta tambaye ni yau wace rana, na faɗa mata har da kwanan wata. Ta ce in riƙe abu uku a kaina: kujera, lemo, allura. Ta ba ni takarda in zana agogo yana nuna sha ɗaya da minti goma. Ni da na zana taswirar unguwanni! Na ce ko tana da kamfas, ta yi murmushi ta ce da hannu ma ya isa.

Da na riƙe biron nan wani tunani ya zo mini, kuma zan rubuta shi don na yi wa kaina alkawarin ba zan yi wa littafinta ƙarya ba. Na ce a raina, in na karkace agogon nan, in na mance allura, shi ke nan. Kowa ya huta. Tsoho ne, kansa ya fara tafiya, Allah ya ba ta lafiya. Ba mai sake tambayata komai har in mutu.

Hannuna bai yarda ba. Agogo ya fito kamar na bango. Kujera, lemo, allura.

A hanya mijin Auta ya ce, "Irin wannan abin akwai ranar da mutum yake garau, akwai ranar da ba haka ba." Na ce haka ne.

Alhamis, 11 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Dashe kwana goma. Gwaiba tana da haƙuri. Lemon ne nake ji.

Na ɗauki waya sau uku. Lambar Auta ce ta farko.

Asabar, 13 ga wata, da hantsi

Na wanke gilashin motar, iya inda hannuna ya kai. Ban san don me ba.

Na tuna yadda na riƙa zuwa filin. Daga ƙofar gida in miƙe, in bi ta bayan makaranta, in tsaya a famfo ta gefen da ba a ajiye mota, in cika jarkoki. A filin akwai wata tsamiya, sai in zagaye ta in fuskanci gari kafin in kashe inji. In na dawo ba na shigowa ta layinmu kai tsaye, sai na zaga ta layin masu katako don in tsaya a bakin titi hancina yana kallon mafita. A gidan mai in jira har famfon ƙarshe ya zama ba kowa a gabana. Sati uku ban yi kuskure ko sau ɗaya ba. Har taswira na zana a bayan kalanda.

Mai ruɗewa ba ya zana taswira. Amma wa zan nuna wa, in ce masa ta mece ce?

Lahadi, 14 ga wata, da yamma

Mijin Auta ya kawo abinci. An yi fenti, ya ce, ruwan madara. Tana gaishe ni.

Talata, 16 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Makanike ya zo, mijin Auta ya aiko shi da makulli ya duba ta kafin a kai kasuwa. Gajere ne, baki ba ya rufuwa. Ya dubi inci goma sha huɗun nan ya ce, "Baba, da man shafawa kake shiga ko da addu'a?" Ya zame ya shige kamar ƙadangare.

Ya tayar da ita. Rabona da jin muryarta sati biyu. Sai na ga ya ɗora hannu a kan giya, ya waiga, mota ta tafi baya. Baya. Sumul, ba ko gurnani. Ya ja ta har ƙofar fasinja ta zo daidai da baranda, ya taka birki.

Na dafa bango. Na ce, "Sake yi in gani."

Ya buɗe mini ƙofar, na leƙa. Ƙarƙashin kan giyar akwai wani zobe baƙi. Ya sa yatsu biyu ya ɗaga shi sama, sannan ya tura giyar can gefe. Ya ce, "Shi ke nan. In ba ka ɗaga wannan ba, ko ka tura da ƙafa lamba ɗaya za ta ba ka. Don kada mutum ya faɗa ribas bai shirya ba aka yi shi."

Na ɗauka ado ne. Wallahi na ɗauka ado ne, ko abin riƙe fatar da ta rufe giyar. Motar ofishinmu giyarta a jikin sitiyari take, ba zobe ba komai.

Ya dube ni. "To Baba, da yaya kake ribas?"

Na ce, "Ban taɓa buƙata ba."

Ya kwashe da dariya har yana bugun sitiyari. "Tsoho mai ran ƙarfe! Gaba dai, gaba dai!" Ya ɗauka wasa nake. A gabana ya kira mijin Auta ya ce masa giya lafiya lau, ribas kamar sabuwa, motar ba ta da laifin komai. Na ji daga can an ce, "Na sani dama."

Ya tafi da makullin. Ƙofar bai kulle ba.

Yanzu ana ganin bangon kicin.

Talata, ƙarfe huɗu na yamma

Na shiga na zauna. Na taka kuloci, na sa yatsu biyu kamar yadda ya yi. Zoben bai motsa ba. Na sa uku. Na sa hannu biyu, ya ɗaga kaɗan, to amma da wane hannu zan tura giyar? Yatsun nan da suka kumbura tun sanyin bara, maɓallin riga ma sai mun yi rigima.

Na fi awa a ciki. Fitowa ta fi shiga wuya.

Laraba, 17 ga wata, da safe

Ba ta lalace ba. Ba a cuce ni ba. Da na buɗe baki sau ɗaya, ga mai gidan mai, ga kowane direba a bakin famfo, da minti ɗaya ya isa.

Alhamis, 18 ga wata, bayan azahar

Hanya biyu ce, na auna su kamar yadda na saba.

In na yi shiru, ni tsoho ne da kansa ya ruɗe. Ba laifi, ba tambaya. Hawa na uku, fenti ruwan madara, itatuwanta su bushe a tsaye.

In na yi magana, kaina ƙalau yake. Kuma da ƙalau ɗin kaina na bar ta ta tsaya a wurin.

Dashe kwana goma sha bakwai.

Asabar, 20 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na kira ta.

Ta ɗauka a bugu na biyu. "Baba! Sai yau? Ni na ɗauka fushi kake da ni." Ita ce ma ke ɗauka ina fushi da ita. Muryarta ta rame. Ta ce ƙafar tana ƙaiƙayi a cikin filasta, da allurar saƙa take sosawa, kada in gaya wa likita. Ta ce in daina damun kaina, ba da sanina ba ne.

Na ce, "Auta, da sanina ne."

Na gaya mata. Cewa tun kwana biyu da sayen motar na gwada ribas a filin, sau goma, kowane karo gaba take yi. Cewa na ɗauka dillali ya cuce ni, kuma na kasa jure in ga fuskar mijinta yana cewa ba komai Baba. Cewa har taswira na zana a bayan kalanda don kada in taɓa buƙatar ribas. Cewa da masu kwata suka ce a kwashe motoci daga titi, ita kuma ta ce in shigo da ita lungu, na san in ta shiga ba ta fita, na shigar. Cewa ran Talata da ta kawo mini magani ta ce jarkokin nan gara a kai su kafin rami ya iso, ta zaga gaba tana duba mini gefe da gefe, tana cewa ja baya Baba, ja baya, na ce a raina watakila yau in na danna da ƙarfi za ta shiga, zan saki kuloci a hankali in gani. Gwiwata ba ta san a hankali ba.

Ban taɓa faɗin wannan da baki ba. A nan ma sai yanzu.

Ina jin fankarsu tana juyawa.

Ta ce, "Sati uku, Baba?"

Na ce sati uku.

"Kana kallona na tsaya a gaban bango."

Na ce ina kallonki.

Ta kashe.

Lahadi, 21 ga wata, da yamma

Mijin Auta bai zo ba, maƙwabciya aka bai wa kular ta miƙo mini ta kan katanga. Ba a ce ana gaishe ni ba.

Litinin, 22 ga wata

Ba kira.

Laraba, 24 ga wata, da hantsi

An zuba kankare a kan kwata. Sun ce kwana biyu kafin a taka. Na fara haɗa kaya a akwati, ban san na ina ba. Na sa takalmin a sama, na cire.

Ba kira.

Asabar, 27 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Zan rubuta a tsanake.

Wajen ƙarfe tara na ji an turo ƙyaure. Mijin Auta ne a gaba riƙe da sandunan asibiti biyu, ita a baya, a gicciye, tana dafa bodin motar tana tsalle da ƙafa ɗaya. Farin filasta tun daga gwiwa. Ta kai baranda tana haki, ta zauna. Ta gaishe ni kamar kullum, na amsa. Ba ta yi murmushi ba.

Na shiga na ɗauko takalmin na ajiye a gabanta. Ta dube shi ta ce, "Na ƙafar mai lafiya ne ma. Sati uku ina yawo da silifas ɗin wannan." Ta nuna mijin da haɓa. Ta sa.

Sannan ta ce, "Ina taswirar?" Na ba ta kalandar. Ta daɗe tana bin layin da yatsa, famfo, tsamiya, layin masu katako. Ta miƙa wa mijinta. "Duba nan. Wannan ne mai ruɗewar? Wannan taurin kai ne tsagwaronsa, irin na gidanmu." Ya duba, ya sosa ƙeya, ya ce, "Baba, da ka faɗa mini ai." Na ce da na faɗa.

Ta ce, "Ban huce ba, kada ka ɗauka na huce. Kawo makullin." Ya yi jim, ta miƙa hannu ba ta sauke ba, ya ba ta. Ta ba ni.

"Shiga. Amma yau a ciki zan zauna. Waje ba lafiya."

Ya taimaka mata ta shiga ta ƙofar baranda, ƙafar a miƙe. Ni na bi ta inci goma sha huɗuna. Na tayar. Na taka kuloci har ƙasa, na gaya mata yatsuna ba sa iya zoben. Ta sa yatsu biyu ta ɗaga, na ɗora hannuna a kan nata na tura. Na ji ta shiga wani wuri da ban taɓa kai ta ba.

Mijinta ya buɗe ƙyaure, ya tsaya can gefe, can nesa, bayan sandar lantarki. Ban ga laifinsa ba.

Bangon kicin ya fara ja da baya.

Mun cika jarka takwas, shi ya ɗora, ya biyo mu a tasa motar. Lemo huɗu sun tafi, ƙarami na mangwaro ma. Shida suna da rai. Gwaiba ko a jikinta. Auta ta zauna a mota ƙofa a buɗe tana ba da umarni kamar uwarta, wannan a ƙara masa, wancan ya isa.

A hanyar dawowa ta yanke hukunci, ba ta nemi shawarata ba. Zan zauna a gidana. Makulli yana wajenta. Asabar da Talata za ta zo da shi, ko ta aiko mijinta, kuma ba zan tayar da motar nan ba sai da mutum a kujerar gefe. Ɗakin da aka yi wa fenti yana nan, ta ce, ranar da na sake ɓoye mata wani abu ko da ciwon haƙori ne.

Na ce na ji.

Da muka iso na nufi layin masu katako don in zago kamar yadda na saba. Ta ce, "Ina kuma za ka? Wuce ƙofar kaɗan ka tsaya." Na wuce, na tsaya. Ta ɗaga zoben.

Da baya muka shigar da ita. Hancinta yana kallon titi.